Sandar Fatsa: Yadda Ake Haɗa Ta Da Yadda Ake Gyaranta



Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai waɗanda suka yi ɗawainiya da mu, shugabannin wannan ƙungiya tamu, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai da muka ci tuwo daga tukunya ɗaya, da ƙannenmu da ke zaune can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wata sana'ar hannu wadda yaro zai iya koya ba tare da babban jari ba. Da yake aikin gwamnatin da nake yi ya haɗa ni da masunta, sai na zaɓi sandar fatsa. Na san wasu za su ce ai fatsa wasan yara ce, a sami kara a ɗaura zare a tafi bakin gulbi. To, wannan ita ce fatsar da ke karyewa ranar da babban kifi ya zo. Wadda zan yi bayani a kai ita ce sandar da aka zauna aka haɗa da natsuwa, wadda za ta yi shekaru tana ciyar da gida, in ta samu rauni kuma a gyara ta.

Dalilin zaɓen wannan batu

Allah Ya ba yankinmu ruwa daidai gwargwado. Gulbin Gagare ya bi ta Ƙauran Namoda, Bunsuru ya ratsa ƙasar Zurmi, duka biyun kuma suka gangara ta wajen Shinkafi da Isa suka zuba cikin Gulbin Rima. Da damina sukan cika su batse, da rani kuwa sai yashi da gurabun ruwa nan da can. A cikin waɗannan gurabu da tafkunan fadama kifi ke fakewa har ruwa ya dawo: tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara, ga kuma gaiwa da ke shigewa cikin laka.

Abin baƙin ciki shi ne yadda ake kama su yanzu. Wani ya zuba maganin ƙwari a gurbi, ya kashe uwa da 'ya'ya da kwaɗi, sannan ya kai kifin kasuwa mu saya mu ci. Wani kuma ya ɗauki gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, ya mai da shi taru, ya kwashe har ƙananan da ba su kai ɗan yatsa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki. Sinadarin da ke cikin Gammalin 20 kuwa, wanda aka daɗe ana zubawa a ruwa, ƙasashen duniya sun sa shi cikin jerin gubar da za a daina amfani da ita tun 2009. Fatsa ba ta da wannan ɓarna, domin ɗaya bayan ɗaya take kamawa, girman ƙugiya ne ke zaɓen girman kifi, in kuma ƙarami ya faɗa sai a cire shi a mayar.

Dalili na biyu kowa a nan ya san shi. Rashin tsaro ya raba mutane da yawa da gonakinsu a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, suka dawo cikin gari da yara da ba su da abin yi. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya. Wanda ke da sana'a a hannu bai sha wuya kamar wanda ke jiran ranar Alhamis ta Shinkafi ba. Haɗa sandar fatsa da gyaranta aiki ne da ake yi a zaure, ba ya bukatar lantarki ko inji.

Yadda wasu suka ɗauke ta

A Ingila da Amurka akwai wani irin kamun kifi da ake yi da ƙudan ƙarya, wato a ɗaure gashin tsuntsu a jikin ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, a wurga shi bisa ruwa. Saboda wannan kamu suka mai da yin sanda sana'a mai daraja. Sukan sayo wata irin gora daga kudancin ƙasar Sin, su tsaga ta, su fere tsagi 6 kowane mai kusurwa 3, yana sirancewa zuwa baki, sannan su manne su su zama sanda ɗaya mai gefe 6. Wani Ba'amurke mai suna Hiram Leonard ya yi suna da wannan aiki tun shekarun 1870. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara yin sanda da zaren gilashi, wanda muke kira faiba, a farkon shekarun 1970 kuma aka shigo da ta girafait, mai sauƙin nauyi. Duk da haka har yau akwai masu yin ta gora da hannu, kuma tsohuwar sanda da aka gyara takan fi sabuwa ta kanti tsada. Mutanen duwatsun Japan kuwa suna da nasu salon mai suna tenkara: doguwar sanda, da igiya, da ƙudan ƙarya, babu ƙarfen naɗe igiya. Wannan ya fi kusa da tamu fatsar, kuma shi ya nuna cewa abin da ke hannunmu ya isa, in dai za mu kyautata aikin.

Zaɓen gora

Gorar da nake nufi ita ce itacen nan mai gaɓa-gaɓa da ake jinka da shi, ba goran da masunta ke hawa a bikin Argungu ba. A nemi wadda ta nuna, wato ta kai kamar shekara 3, launinta ya fara komawa ruwan ƙwai. Ɗanyar gora kore shar tana da laushi, kuma ƙwaro na son ta saboda zaƙin da ke jikinta. Lokacin sara shi ne bayan ɗaukewar ruwa, da hunturu. Wanda zai saya wurin masu sayar da kayan gini, ya duba abu 3: kada ta kasance da tsaga, kada a ga ƙananan huji da gari na zuba, sannan ta sirance a hankali daga gindi zuwa baki. Tsawon ƙafa 10 zuwa 12 ya wadatar a gurabunmu. Gindin ya kai kaurin babban yatsa ko ya ɗan fi, bakin kuma kamar fensir ko ƙasa da haka.

Inda gora ta yi wuya ana iya amfani da tsumagiyar dargaza mai miƙi. Tukurwa ba ta da nauyi, amma ba ta jure lanƙwasa, don haka sai dai ga ƙananan kifi.

Busarwa da miƙarwa

A nan gaggawa ke ɓata aiki. Idan aka shanya gora a rana za ta tsage. A ɗaure bakinta a rataye ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaura dutse ko bulo a gindin don nauyin ya riƙa ja, a bar ta wata 2 ko 3. Wanda ya rataye ta a madafa inda hayaƙi ke bugunta ya ƙara mata kariya daga ƙwaro.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gora kam ko ta bushe tana karɓar gyara, muddin an bi ta da zafi. A hura garwashi, a jira harshen wuta ya mutu, a riƙa jujjuya wurin da ya karkace bisa zafin har ya kai yadda hannu ba zai iya daɗewa a kai ba. Sai a danna shi a kan gwiwa ko gefen benci, a riƙe har ya huce. A bi gaɓa ɗaya bayan ɗaya, ana runtse ido ɗaya ana hangen tsawonta kamar yadda kafinta ke duba katako. Idan wurin ya yi baƙi, an ƙona shi, kuma nan zai karye.

Daga nan a goge tudun gaɓoɓin da sanfefa a hankali. Kada a kankare fatar gora don neman kyau, domin ƙarfinta duk yana cikin jijiyoyin da ke daf da fatar, cikin kuwa taushi gare shi.

Gano bayan sanda

Kowace sanda tana da gefen da ta fi son lanƙwasawa. A kafa gindinta a kan siminti, a ɗora wajen bakin a tafin hannu, a danna tsakiyar da ɗaya hannun har ta ɗan yi baka, sannan a mirgina ta. Za a ji ta yi tsalle ta zauna a wani gefe. A sa alama da alli. Cikin wannan bakan shi ne zai fuskanci ruwa, kuma a layinsa za a jera zobba. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga sandarsa na murɗewa a hannu duk lokacin da kifi ya ja.

Zobba da naɗi

Sandar da ba za a sa mata ƙarfen naɗe igiya ba, zobe ɗaya a baki ya ishe ta. Amma ga wata dabara: kada a ƙulle igiya a bakin kawai. A fara ƙulla ta kamar ƙafa 3 ƙasa da baki, a naɗo ta jikin sandar har zuwa bakin, a sake ƙullewa. Ko bakin ya karye, kifi na nan a hannu.

Wadda za a sa wa ƙarfen naɗi kuwa tana bukatar zobba a jere. Masu wannan sana'a sukan ƙiyasta zobe 1 ga kowace ƙafa ta tsawon sanda, su matso da su kusa da juna wajen baki, su buɗa tazara wajen gindi. Ana iya lanƙwasa su da filaya daga wayar da ba ta tsatsa, a bar wa kowane ƙafa 2, a goge bakin ƙafafun su yi fele-fele don zare ya hau ba tare da tuntuɓe ba. Kafin a ɗaure, a liƙa su da salatif, a zura igiya, a sa yaro ya ja. Duk inda igiya ta taɓa jikin sanda ko ta yi kwana mai kaifi, a gusa zoben.

Naɗi ana yin sa da siririn zaren nailan irin na masu gyaran takalmi. A kwantar da bakin zaren bisa sanda, a naɗe a kansa, kowane zagaye na manne da ɗan uwansa, ba hawa ba giɓi. Idan saura zagaye 7 ko 8 a gama, sai a kwantar da wani guntun zare da aka ninka biyu, a ci gaba da naɗi a kansa. A ƙarshe a yanke zaren, a zura bakinsa cikin ninkin, a ja ninkin ya shige da shi ƙarƙashin naɗi. Ba ƙulli, ba abin da zai warware. A yi irin wannan naɗi a bakin sanda da gindinta, domin daga nan tsaga ke farawa.

Bayan haka a shafa banish irin na kafintoci. Shafi 3 marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, kuma a bar kowane ya kwana ya bushe a ɗakin da ba ƙura. Da hunturu wannan sai an yi da gaske.

Mariƙi da mahaɗi

Turawa da toton kwalaba suke yin mariƙi. Mu kuwa muna da dukawa, kuma jimammiyar fatar akuya da aka naɗe a gindi tana da kyau da daɗin riƙo. Mai ƙaramin ƙarfi ya yanka tsohon tiyub na keke ya naɗe, ba ya santsi ko hannu ya jiƙe.

Sanda mai ƙafa 12 tana da wuyar ɗauka a kan babur, saboda haka ana iya raba ta biyu a haɗa da ɗan bututun ƙarfe mai tsawon inci 4 ko 5. A manne rabin bututun a ɓangaren gindi da gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, ɗaya ɓangaren kuma a fere shi ya shiga daram. A guji gam mai kamawa nan take, domin in ya bushe ƙamas yake, ba ya bin lanƙwasar sanda. A riƙa goga kyandir a mahaɗin don kada ya cije.

Igiya da ƙugiya da nauyi

Igiyar nailan rana ce ke cin ta. Idan ta yi fari-fari ko ta yi kaushi a hannu, a canza. A jiƙa ƙulli kafin a ja shi, don zafin gogayya na raunana nailan. Lambar ƙugiya kuma tana rikita masu koyo: a ƙananan ƙugiyoyi, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya, wato lamba 12 ta karfasa ce, lamba 4 ta tarwaɗa. Don gwada kaifi a ja bakinta bisa farce. In ta kama, ta yi. In ta zame, a wasa ta. Abin nuna alamar kifi ya ci koto kuwa, totuwar kara ko guntun tsohon silifa ya isa.

A kan nauyi ina so in ja kunne. An saba matsa dalma a jikin igiya, wasu da haƙori, wasu ma har narka ta suke yi a gida daga tsohon batirin mota. Mu mutanen Zamfara mun san dalma fiye da kowa, domin a 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Kada yaro ya sa dalma a baki, kada a narka ta inda ake girki. Ƙaramin noti daga wurin bakanike yana yin aikin.

Ƙudan ƙarya

Duk wanda ya tsaya bakin ruwa ranar da shinge ya fito ya ga yadda kawara da karfasa ke tasowa suna cafkewa. Kotonmu na kullum shi ne tana da gara da fara, amma da rani tana kan yi wuyar samu. A ɗauki ƙaramar ƙugiya, a naɗe jikinta da baƙin zare, a ɗaura ɗan gashin zabo a bayan idonta, a zagaya shi sau 2 ya baje kamar ƙafafun ƙwaro, a ƙulle. Gashin zabon nan da muke zubarwa, a Turai sayen sa ake yi don wannan aiki. A sauke ƙudan bisa ruwa a hankali da sassafe ko da la'asar, a riƙa ɗan motsa bakin sanda.

Gyaran tsohuwar sanda

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A nan ma kuɗin sana'ar yake, domin sandunan faiba na gwanjo da na ƙasar Sin masu shigewa cikin juna sun yawaita, masu su kuma jefarwa suke yi da zarar sun samu matsala.

Da farko a wanke sanda da ruwa da sabulu, a duba ta a haske gaɓa-gaɓa. A zura auduga cikin kowane zobe. In ta maƙale, zoben ya zaizaye, kuma shi ke yanke igiya. A yanka tsohon naɗin da reza ta kan ƙafar zoben, don kada a ji wa jikin sanda ciwo, a sa sabo.

In baki ne ya karye, a ɗan ɗumama zoben bakin da ashana ya saki, a daidaita wurin karayar, a mayar da shi. Sandar za ta ɗan rage tsawo, za ta kuma ɗan ƙara tauri, amma za ta yi aiki. In tsakiya ce ta karye a sandar faiba, a nemo guntun wata matacciyar sanda mai tsawon inci 5 ko 6 wanda zai shige cikin ramin ɓangarorin biyu, a shafa gam mai haɗi biyu, a haɗa, a naɗe waje da zare. Saboda haka mai gyara ba ya zubar da karyayyar sanda.

Gorar da ta tsage a tsaye, a buɗa tsagar da allura, a ɗura gam, a ɗaure tam da roba ta kwana, sannan a naɗe. Wadda ta karkace saboda jingina a bango a mayar da ita kan garwashi. Wadda ƙwaro ya cinye ta ciki kuwa, a cire zobbanta a yi haƙuri.

Ajiya ita ce rabin gyara: a goge sanda bayan an dawo, a rataye ta a tsaye, nesa da rana da gara. Mai sandar girafait ya sani tana ɗaukar lantarki, don haka ya kiyayi wayoyin wuta, in hadari ya taso da walƙiya kuma ya kwantar da ita ya bar bakin ruwa.

Roƙona ga ƙungiya

Ina roƙon abu 3. Na farko, mu nemi izinin shugaban makaranta a ba mu ɗakin koyon sassaƙa rana ɗaya a mako, mu sayi gora da zare da gam da filaya, mu gayyato wani dattijo cikin masunta ya zauna da yara. Abin da na faɗa a nan kaɗan ne daga abin da ke hannunsu. Na biyu, mu saka 'ya'yan waɗanda suka yi gudun hijira cikin masu koyo, ko da ba ɗaliban makarantar nan ba ne. Na uku, kowane yaro ya san ƙa'ida kafin a ba shi sanda: a nemi izinin Sarkin Ruwa inda akwai shi, a mayar da ƙaramin kifi, a tafi cikin jama'a da rana tsaka kuma kusa da gari, kada a kuskura a nufi gurbin da manya suka ce ba lafiya. Babu kifin da ya kai ran yaro.

Malamanmu, ku kuka koya mana cewa ilimi sai da aiki. Idan baɗi war haka aka samu yara 10 da za su shigo ɗakin nan kowa riƙe da sandar da ya haɗa da hannunsa, to wannan jawabi ya biya. Wanda ke da tsohuwar sanda a bayan ƙofa ya kawo wa sakatare, da ita za mu fara darasin gyara.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.